RA'AYINMU: Ɗalibin da ke riƙe wa ƙungiya littafi ba ɗan aike ba ne

A hutun da ya gabata, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara ta biyu, wanda mahaifinsa dillalin wake ne a ɗaya daga cikin kasuwanninmu na bakin iyaka, ya je wurin shugabannin ƙungiyar ƴan wake ya ce yana so ya taimaka musu da aikin rubutu, ba tare da an biya shi ko dala ba. Da farko dariya aka yi masa. Wani dattijo ma cewa ya yi tun kafin a haifi uban yaron ake tara kuɗin ƙungiya, kuma ba a taɓa neman ɗan lakkol ya zo ya ƙirga ba. Amma da yake ɗan gida ne, sai aka ba shi benci a kusurwar rumfar shugaba, aka juye masa wata tsohuwar jaka cike da takardu: rasit na haraji, guntayen kwali masu lissafi da ajami, kaye biyu da ruwan sama ya taɓa, da takardar izinin ƙungiya wadda aka daɗe ana nema ba a gani ba.

Wata biyu yaron ya yi yana zuwa duk ranar kasuwa. Ya rubuta sunayen ƴan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, ya bi kowa rumfarsa yana tambayar abin da ya zuba da abin da ya ranta, ya gwama da abin da ke cikin guntayen takardun. Ranar da aka kira babban taro, wanda ta gidan rediyonmu aka ba da sanarwarsa, mun halarta kuma mun ji da kunnenmu. Kuɗin da aka daɗe ana raɗe-raɗin ma'aji ya ci, ashe rance ne da aka raba wa ƴan ƙungiya lokacin da iyaka ke rufe, ba a rubuta ba, wasu sun manta, wasu kuma sun yi kamar sun manta. Ma'ajin nan, dattijo mai jikoki, wanda har ya daina zama majalisa saboda kallon da ake masa, sai da ya share hawaye da bakin rawaninsa.

Wannan abu ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da ƴan uwanmu ƴan kasuwa a kan aikin sa kai na ɗalibai a ofisoshin ƙungiyoyi. Ra'ayinmu a fili yake: ƙungiyoyinmu na bukatar waɗannan yara, yaran ma na bukatar ƙungiyoyin, amma in ba a tsara abin da kyau ba, gyaran gangar auzinawa za a yi.

Duk wanda ya san kasuwannin Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Magarya, Matamaye, Maigatari, ko Gaya da Kamba, ya san babu sana'ar da ba ta da ƙungiya. Akwai ta ƴan albasa, ta ƴan aya, ta dillalan dabbobi, ta ƴan canji, ta direbobi, ta masu dako da amalanke, ga kuma asusun mata. Waɗannan ƙungiyoyi ba don riba aka kafa su ba. Su ne ke kai ɗauki idan an kama kayan wani a duwan, su ne ke tara gudummawa idan gobara ta ci rumfa, su ke raka gawa gida idan baƙo ya rasu a kasuwa, su ke sasanta mai kaya da dillali kafin magana ta kai ga jandarma. Amma mu faɗi gaskiya, nawa ne daga cikinsu ke da littafin da za a buɗe yau a ga sunan kowa da abin da ya biya? Yawancin ƙungiyoyin da muka ga sun wargaje, ba hukuma ce ta rushe su ba, ba kuma talauci ba ne. Zargi ne a kan kuɗi, wanda babu takardar da za ta tabbatar da shi ko ta ƙaryata shi.

Masu cewa rubutun lissafi baƙon abu ne da ƴan boko suka kawo, muna tuna musu cewa ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba madugu da jagaba kaɗai yake da su ba, har da malamin ayari, wanda ban da addu'a shi ke riƙe da rubutu. Kuma almajirai sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Shi ma aikin sa kai ba daga Turai ya zo mana ba. Gayya muka gada, kuma waɗanda suka yi wayo zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, sun ga yadda ƴan Samariya ke fita aikin jama'a ba da lada ba. Abin da ya sauya kawai shi ne kayan aikin. Jiya hauya ce da kwando, yau kuwa wata gayyar da bik da kaye ake yin ta.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne yadda al'amuran iyaka suka riƙa juyawa cikin ƴan shekarun nan. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. A ƙarshen 2022 aka sauya takardun naira 200, da 500, da 1000, abin da ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, darajarta ta faɗi ƙwarai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyaka, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A Oktoba na 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A Janairu na 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai da takarda ya zo, da Faransanci ko da Ingilishi, kuma sau da yawa ɗan kasuwa ba ya jin labarin dokar sai an sauke masa kaya a shinge. Ƙungiyar da ke da wanda zai karanta sanarwar hukuma ya fassara ta da Hausa tun ranar da ta fito, ta tsirar da jarin mutanenta.

Bugu da ƙari, su kansu ƙungiyoyin doka ta ƙara matsa musu. Tun dokar ranar 1 ga Maris, 1984, ƙungiya a Nijar sai da izinin hukuma take aiki. Ƙasashen OHADA, ciki har da Nijar, Benin, Cadi da Kamaru, sun amince da dokar bai ɗaya ta ƙungiyoyin gama kai a Lome a watan Disamba na 2010. Sa'an nan a nan Yamai, a Disamba na 2022, suka amince da tsarin lissafin kuɗi na ƙungiyoyin da ba na riba ba, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. A ƙarshen 2025 kuma kowa ya ji yadda ma'aikatar cikin gida ta dakatar da ƙungiyoyi masu zaman kansu da dama saboda ba su fitar da lissafin kuɗinsu na shekarar 2024 ba. Ko da yake ƙungiyoyin agaji abin ya fi shafa, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin da shugaba zai ce lissafi yana cikin kansa ya wuce.

To, su wa za su yi wannan aiki? Ƙaramar ƙungiya ba ta da ƙarfin ɗaukar akanta da albashi. Amma yau ba kamar da ba ne, lokacin da sai an je Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ake ganin ɗalibin jami'a. Tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram, kuma da yawa daga cikin ɗalibansu ƴaƴanmu ne, da kuɗin albasa da na awaki aka yi musu rajista. Suna karanta lissafi, shari'a, da sha'anin gudanarwa, amma akasarinsu har su gama ba su taɓa riƙe littafin kuɗi na gaske ba. Idan sun fito neman aiki, abin farko da ake tambayarsu shi ne ina suka taɓa aiki. Ga ƙungiya na neman mai rubutu, ga mai rubutu na neman wurin koyo, kuma tsakaninsu bai wuce tafiyar ɗan kabu-kabu ba.

Kada ɗalibi ya zaci zuwa zai yi ya koyar kawai. Abin da zai koya ya fi abin da zai bayar. Misali ɗaya ya isa. A aji da faran ake lissafi, a kasuwa kuwa da dala, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Idan ɗan kasuwa ya ce ya zuba ɗari, dala ɗari yake nufi, wato faran 500. Ɗalibin da bai sani ba ya rubuta 100, ya ɓatar da faran 400 a kan mutum ɗaya. A ce mutum 50 ne suka zuba a wannan mako, to jikka 20 ke nan ta ɓace a takarda alhali tana nan cikin akwati, ko kuma a wayi gari a ce akwati ya fi littafi, a fara tambayar ina rarar ta fito. Haka nan idan wani ya biya da naira, dole a rubuta canjin wannan rana, domin sefa tana ɗaure da yuro a kan faran 655.957, naira kuwa abin da ta yi da safe ba lalle shi ne da yamma ba. Babu malamin jami'ar da zai koya wa yaro wannan kamar yadda ɗan canjin bakin tasha zai koya masa cikin yini ɗaya. Zai kuma koyi yadda ake tunatar da dattijo bashi ba tare da an ci masa fuska ba, wanda shi ma ilimi ne mai zaman kansa.

Mun san akwai masu shakka, kuma shakkarsu ba ta banza ba ce. Na farko akwai tsoron tonon asiri. Ɗan kasuwa ba ya son a san ƙarfin jarinsa, yana kuma ganin duk abin da ya shiga takarda wata rana zai isa ofishin haraji. Amsarmu ita ce littafin ƙungiya daban, littafin rumfa daban. Ɗalibi ba ya da hurumin sanin buhu nawa Alhaji ya saya ko ya sayar. Abin da ya shafe shi kuɗin da aka haɗa na kowa da kowa ne, kuma wannan kuɗi ɓoye shi ne ke kawo fitina. Na biyu akwai masu cewa yaran yanzu ba su da ladabi, da sun riƙe bik sai su ga kowa jahili ne. Wannan ma yana faruwa, mun gani. Amma laifin ɗaya ba ya hana a gwada goma, kuma ƙungiya na da ikon sallamar wanda bai san girman manya ba. Na uku, akwai shugabannin da ba sa son littafi don sun san abin da littafin zai nuna. Waɗannan ba mu da amsar da za mu ba su, sai dai mu ce ƴan ƙungiya su lura da wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya idan an ambaci rubutu.

Ta ɓangaren ɗalibai ma akwai kuka. Mun ji labarin waɗanda suka je da niyyar taimako aka mai da su ƴan aike: sayo shayi, kai saƙo gidan amarya, wanke motar shugaba. Mun ji na wanda aka sa ya sa hannu a takardar da bai ga kuɗinta ba, da abin ya tashi lalacewa aka ce ai ɗan lakkol ne ya rubuta. Kuma kowa ya san halin da ɗalibi ke ciki, alawus ɗin karatu na makara, abinci da mota na tsada. Wanda ya ba da lokacinsa kyauta bai kamata ya ƙara da kuɗin aljihunsa ba. Aikin sa kai sadaka ce daga mai yin sa, ba dama ba ce ga mai karɓa ya samu bawa.

Saboda haka muke ba da waɗannan shawarwari ga duk ƙungiyar da ke son karɓar ɗalibi.

Na farko, mai alƙalami daban, mai mabuɗi daban. Kada a ba ɗalibi riƙon kuɗi ko na kwana ɗaya, kada kuma a sa shi sa hannu a madadin ma'aji. A nan mazan kasuwa na da darasi wurin mata. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ƙarfinsa shi ne akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ba don ana zargin wata aka yi haka ba, an yi ne don kada a samu dalilin zargin kowa.

Na biyu, littafi na ƙungiya ne, a ofis ko rumfar ƙungiya zai kwana. Mun ga inda yaro ya zuba dukan lissafi cikin wayarsa ta salula, hutu ya ƙare ya koma makaranta, wayar ta faɗa ruwa, aka koma gidan jiya. Ko da an yi amfani da kwamfuta, a tabbata akwai kaye mai lambar shafi, da rasit mai kwafi biyu, ɗaya ga mai biya ɗaya ga ƙungiya.

Na uku, a rubuta da harshen da masu kuɗin ke ji. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, don haka babu kunya a riƙe littafi da Hausa, da boko ko da ajami, a bar Faransanci ga takardun da za a kai ofishin magajin gari ko na gwamna. Kuma duk ƙarshen wata a karanta lissafi da babbar murya a gaban taro, da dala da jikka, yadda wanda bai yi lakkol ba zai iya cewa a tsaya, nan ba daidai ba ne.

Na huɗu, a yanka wa'adi da iyakar aiki tun ranar farko, a gaban shaidu: kwana nawa a mako, wata nawa, wane aiki ne nasa, wane ne ba nasa ba. A ɗauke masa kuɗin mota da abincin rana. Wannan ba albashi ba ne, mutunci ne.

Na biyar, kada ɗalibi ya tafi bai bar magaji ba. A haɗa shi da sakataren ƙungiya ko wani matashi mai zama a kasuwa wanda ya iya karatu ko kaɗan ne, su yi aikin tare. Ɗalibin da ya gyara littafi ya tafi da sanin yadda aka gyara shi, rabin aiki ya yi.

Na shida, idan ya gama a ba shi takardar shaida mai hatimin ƙungiya da sa hannun shugaba, a faɗi aikin da ya yi da tsawon lokacin. Wannan takarda ba ta ci wa ƙungiya komai ba, amma shi tana iya zama mabuɗin aikinsa na farko.

Muna kuma tunatar da iyaye cewa ba ƴaƴa maza kaɗai ke jami'a ba. Asusun mata da ƙungiyoyin masu ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da tabarmi sun fi sakin jiki da ɗiya mace, wadda za ta shiga cikin gida ta zauna da su. A bar ƴan mata su ma su yi wannan hidima, cikin tsari da sanin iyayensu.

Ga shugabannin jami'o'inmu, muna kira da su dubi wannan aiki da idon daraja. Ana tura ɗalibai koyon aiki a bankuna da ma'aikatu inda wurin zama ma ba ya isa, wasu su ƙare wata uku suna ɗaukar hoton takardu. Me zai hana a amince da wata biyu a ƙungiyar ƴan albasa a matsayin koyon aiki, malami ya riƙa leƙawa yana duba littafin? Su ma magadan gari na iya buɗe rajista mai sauƙi, inda ƙungiyar da ke bukata da ɗalibin da ke so za su rubuta sunayensu kafin hutu. Mu kuma a gidajen rediyon al'umma ƙofarmu a buɗe take wajen yaɗa irin wannan sanarwa.

Ga ɗalibai kuwa, ƙannenmu da ƴaƴanmu, muna cewa ku je da ladabi, ku cire takalmi inda ake cirewa, ku saurara kafin ku gyara. Mutumin da kuke gani bai iya rubuta sunansa ba, yana riƙe da lissafin bashin mutum arba'in a kansa, da sefa da naira, bai taɓa kuskure ba. Abin da kuka gani a littafi amana ce, ba labarin majalisar shayi ba ne, ba kuma na Facebook ba. Idan kun ga ɓarna, ku faɗa wa kwamitin ƙungiya a gaban shaidu. Idan aka nemi ku rubuta abin da ba haka yake ba, ku ajiye bik ku yi sallama, domin sunanku shi ne jarinku na farko.

Shi wancan yaro da muka fara da labarinsa ya koma makaranta. Littafin yana nan a rumfar shugaba, wani matashi mai awon wake ne ke ci gaba da cika shi, kuma dattijon da ya yi dariya ranar farko shi ne yanzu ke fara tambayar rasit idan ya zuba kuɗinsa. Hutu na gaba ba shi da nisa. Muna fata kowace ƙungiya za ta zauna tun yanzu ta duba jakar takardunta, ta kuma duba cikin ƴaƴan ƴan ƙungiya wa ke jami'a, kafin zargi ya raba abin da aka yi shekaru ana tarawa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma shirya mana zuriyarmu, amin.